Abin da Ke Ƙarƙashin Hannun Baba

Tun da na dawo daga Abuja bakina bai huta ba. Duk wanda ya biyo ta gaban shagona sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Habibu, ba mu labari." Wasu kuma da ƙorafi suke zuwa, wai sun kira wayata ya fi a ƙirga ba a ɗauka, wai na je birnin tarayya na dawo da girman kai. Na gaji da maimaitawa, ga fenti yana bushe mini a gwangwani, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aiki. Maganar waya kuwa, ku yi haƙuri, za mu zo kanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai zanen allon shaguna ne a Minjibir. Zakaran nan da ke bangon mai sayar da kaji a bakin kasuwa, da kawunan da ke jikin shagon aski, duk hannuna ne. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta da allon zane na lantarki, na koya wa kaina aiki da manhajar gyaran hoto. A cikinta hawa-hawa ake zane, abin da masu harkar ke kira leya. Kamar ka jera fararen ledoji ne, ka zana bango a ta ƙasa, mutum a ta tsakiya, hularsa a ta sama, in ka duba ta sama sai ka ga hoto guda.

Zanen da ya kai ni Abuja na mahaifina ne. Baba masaƙi ne, ya rasu ina da shekara goma sha ɗaya, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da ka na zana shi: yana zaune a masaƙarsa, ƙoshiya a hannun hagu, hannun dama kuma ya rufe baki da shi yana dariya. Haka yake yi, duk wanda ya san shi zai shaida. Ko murmushi ne ya zo masa, hannun ya riga shi.

Na kai wa Inna ta gani. Idonta yana tafiya, likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, ba yana ba ce da za a cire, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ni ne ɗan farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, balle na Baba. In za ta yi mini magana, bango take kallo. Ta kusanto da fuskarta jikin kwamfutar har hancinta ya kusa taɓawa, ta daɗe, sannan ta juya ta ce da bangon, "Har a nan ma bai sauke hannun ba."

Na sa zanen a intanet, ba da wani buri ba. Bayan kamar wata biyu sai ga saƙo daga wata mata mai suna Rifkatu, tana da ƙaramin situdiyo a Garki inda suke motsa zane. Suna haɗa gajeren fim a kan tsofaffin sana'o'i, tana son masaƙin nan, in zo da fayil ɗin da leyoyinsa a ware. Da na je yi wa Inna sallama sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Inna, in na dawo zai sauke hannun." Da safe na tarar da ƙullin dakuwa a kan jakata.

Abin da ban gaya mata ba, ban gaya wa kowa ba, shi ne ni ban tuna bakin Baba ba. Idonsa na tuna, kunnensa na tuna, har tabon da ke gwiwar hannunsa. Bakin ne babu. Na ɗauka injinan Abuja za su cike mini, tun da an ce babu abin da ba sa yi.

Daga tashar Na'ibawa a Kano muka tashi da hantsi, mu huɗu a baya. Kusa da ni wani dattijo ne mai kai daddawa kasuwa, buhu ɗaya ya ƙi shiga but, aka ɗora mana a cinya rabi da rabi. Mutumin kirki ne, tun daga Kwanar Dangora yake ba ni haƙuri har Kaduna, amma haƙuri ba ya fitar da wari daga shadda. Ita ce kuwa rigata ta fita kunya, guda ɗaya tal.

A Tafa aka tsaya cin abinci. Na nemi tuwo aka kawo mini sakwara, fara sol, da miyar agushi. Na gutsura ta ƙi gutsuruwa, na ja ta biyo ni. Dattijon daddawa ya yi dariya har da tari, ya nuna mini yadda ake murɗe ta da yatsu uku. Na ci, kuma wallahi ta yi daɗi, sai dai har muka wuce Suleja ina jin ta a zaune a ƙirjina.

Can sai direba ya ce mu duba gaba. Na sha ganin Dutsen Zuma a hoto, na ma taɓa zana shi a bayan wata motar haya, amma ban san na raina shi ba sai ranar. Ya tsaya shi kaɗai a fili, baƙi ƙirin, kansa a cikin hadari, motoci a gindinsa kamar tururuwa. Sai na kama tasbihi. Dattijo ya nuna mini fuskar mutum da ake faɗa tana jikinsa, ga ido, ga hanci, ga baki. Na ce a raina, dutse ma da bakinsa, Baba ne kawai babu. 

A shingen da ke kusa da Zuba, inda ake shiga birnin tarayya, wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Ya ɗago allon zanena yana juyawa, ya ce mene ne wannan. Na ce da shi nake zane.

"Kai mai zane ne? To zana ni mu gani."

Direba yana ta ƙunƙuni, ni kuwa na zaro biro na zana shi a bayan takardar dakuwa cikin minti biyu. Ya duba, ya kira abokin aikinsa ya duba. Ya ce, "Oga, wannan tumbin ka ƙara shi." Na ce ranka ya daɗe, abin da na gani na zana. Ya linke takardar ya sa a aljihu, ya ce mu wuce, yana ta jan cikinsa ciki.

Masaukina gidan Yaya Bashir ne, ɗan wan Baba, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. A Garki yake, Eriya 2, a hawa na uku. Nan na fara ganin unguwa da ba ta da suna sai lamba. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, gada a kan gada, ko ɗan acaɓa ɗaya ban gani ba a tsakiyar gari. Na ga matan Gwari sun ɗauko itace a kafaɗa maimakon ka, Yaya Bashir ya ce a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako, tunani ne aikinsa. Wannan magana ta burge ni, na daɗe ina juya ta.

Gaisuwa ce dai ba mu daidaita ba. Washegari na haɗu da maƙwabcinsa a matakala, na tsaya na fara yadda aka koya mini: kwana, gajiya, iyali, aiki. Ban kai kan ruwan sama ba mutumin ya duba agogo, ya ce, "Sori, me kake so?" Yaya Bashir ya ce shekararsu shida ƙofa na kallon ƙofa, bai san sunansa ba. A Minjibir da tuni an kai maganar gaban mai unguwa.

Situdiyon yana saman wani benen shaguna. Ina buɗe ƙofa sanyin na'ura ya mare ni, warin daddawa kuma ya riga ni shiga. Na ga hanci yana motsi ta ko'ina. Su biyar ne, kowa da allon kwamfuta biyu, kuma kowa da madubi a gefe. Wani ƙato mai gemu yana kallon nasa yana washe baki, ya tsuke, ya turo leɓe, ya koma ya yi zane. Na ɗauka taɓin hankali ne. Ashe haka suke aiki, duk motsin da za su sa wa zane sai sun fara gwada shi a fuskarsu.

Rifkatu gajeriya ce, mai tabarau, furfura ta fara fito mata. Mutuniyar Filato ce, Hausarta irin ta Abuja, ba ruwanta da namiji ko mace. Ta ce, "Malam Habibu, sannu da hanya. Wannan zane naka, ranar da na gan ta ban iya cin abinci ba. Kawo fayil mu gani."

Ta soka filas ɗina, ɗan abin ajiyar fayil, a kwamfutarta, ta jawo fayil ɗin daga manhajar zane zuwa manhajar motsi. Sai ga leyoyina sun jeru a gefe, kowanne a layinsa, talatin da takwas. Ta cire tabarau ta dube ni. Sunayensu leya ɗaya, leya biyu, leya biyu kwafi, leya biyu kwafin kwafi. Ta ce, "Wanne ne hannu a nan? Ni ba boka ba ne." Ranar har azahar ina zaune ina raɗa suna: hula, gira, ƙoshiya, hannun hagu, zare. Ni da nake ganin kaina gwani, na koma ɗan aji ɗaya.

Bayan mun ci abinci, gwaten acca da ta zo da shi daga gida ta raba mana, sai ta ce bari a gwada hannun hagu. Ta ja shi, sai hannun ya ɓalle daga kafaɗa ya kama juyi a tsakiyar hoton kamar fanka. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ɗauka zanen ya lalace. Ta ce ba komai, ba a nuna masa gaɓarsa ba ne. Ta ɗauki wani ɗan ɗigo ta dasa a kafaɗa, wani a gwiwar hannu, wani a wuyan hannu. Ta sa alama a farkon layin lokaci, wanda ke ƙirga daƙiƙun motsi, ta sa wata a gaba, ta danna.

Hannun Baba ya jefa ƙoshiya.

Ban san na miƙe tsaye ba. Layin da na ja da hannuna a shagona, ina korar ƙudaje, shi ne ya lanƙwashe ya miƙe kamar mai jini a jika. Zaren ya bi ƙoshiyar ya dawo. Shekara ashirin da wani abu rabon da in ga wannan motsi. Na ji tsoro, na ji daɗi, na ji kamar in cire takalmi. Na ce ta sake, ta sake. Sau bakwai ta sake ba ta gaji da ni ba.

Sai na ce, "Madam, saura na dama. Shi nake so ya sauka."

Ta dasa gaɓoɓin, ta ja hannun ƙasa. Daga ƙarƙashin hancin Baba har gemu babu komai, sai rami mai ƙananan ɗakuna fari da toka, alamar da manhaja ke nuna wurin da ba a zana ba. A ƙirjin rigarsa ma, inda damtsen ya rufe, wani ramin ne. Na kau da kai, don ban iya kallo ba.

Laifin sana'ata ne. Mai zanen allo ba ya ɓarnar fenti a inda ido ba zai kai ba. In kaza za ta tsaya a gaban kwando, ba ka zana kwandon da ke bayanta. Da wannan hannun na shiga kwamfuta: na raba leyoyi daidai, amma kowanne iyakar abin da ake gani na zana. Rifkatu ta ce a aikinsu ba haka ba ne. Duk abin da zai motsa, dole a zana abin da ke bayansa cikakke, ko da sau ɗaya za a gan shi.

Na ce, a hankali don kada sauran su ji, "Kwamfutar ba za ta iya cikewa ba?"

Ta ce, "Zai iya sa baki. Baki dubu ma zai iya sa. Amma kwamfuta bai san babanka ba, Malam Habibu."

Rigar ba ta ba ni wuya ba, kafin la'asar na cike ta. Bakin ne ya tsaya mini. Mai gemu ya ara mini madubinsa, na zana nawa bakin na ɗora. Da aka kunna sai na ga kaina sanye da hular Baba. Na goge. Na tambayi Yaya Bashir, ya yi tunani, ya ce, "Baki ne dai irin na mutane." Kwana biyu ina zanawa ina gogewa, na zana baki ya fi ashirin, kowanne baƙo ne a fuskar. Kwanakin da aka ɗiba mini saura biyu. Na fara shirya ƙaryar da zan yi wa Inna, kuma na san ko ba ta gani sosai za ta gane.

Rifkatu ce ta ce, "Mamanka fa? Ita ya fi kowa sanin wannan baki." Na yi mata bayanin alkunya, na ce matar da ba ta faɗin sunansa, yaya za ta zauna ta siffanta wa ɗan farinta leɓen mijinta. Ta ce in dai gwada.

Na kira ƙaramar wayar Inna bayan la'asar. Na yi ta kewaye-kewaye da labarin Rifkatu da aikinta, sannan na faɗi gaskiya: "Inna, na manta bakin Baba. Ban san abin da zan zana ba." Sai da na duba ko layin ya yanke. Can ta ce akuyar nan mai ciki ta haihu, biyu, duk mata. Ta kashe. Na zauna a matakalar benen, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari da hantsi ina gaban kwamfuta sai wayata ta yi ƙara. Inna ce, ita da ba ta taɓa kirana da kanta ba. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta ce, "Ba wa baiwar Allahn nan."

Na miƙa wa Rifkatu. Ta durƙusa kaɗan kamar Inna na ganinta, ta ce, "Ina kwana, Mama," ta fita baranda ta ja ƙofa. Ta gilashi nake hangenta. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta yi dariya har ta dafa ƙarfen barandar, daga baya ta cire tabarau ta goge ido da gefen ɗankwali. Sun fi rabin awa. Macen da ba ta taɓa gani ba, ba garinsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ita Inna ta zaɓa ta buɗe wa abin da ta rufe shekara da shekaru. A duk abin da na gani a Abuja, har da dutsen, wannan ya fi ba ni mamaki.

Ta dawo ta ja kujera kusa da ni, ta ce, "Ɗauki alƙalami." Leɓen sama siriri ne, na ƙasa ya fi kauri, da ɗan tsagi a tsakiya. In zai yi dariya gefen hagu ne ke fara tashi. Haƙorin gaba na sama, na hagu, rabi ne, ya karye a karkace. Ta ce a shekarar aurensu ta farko ne, Inna ta kawo masa fura masaƙa, ya bar kallon aiki ya bi ta da ido, ƙoshiya ta kuɓuce ta same shi a baki. Tun ranar yake rufewa a gaban kowa, har 'ya'yansa.

Na ce, "A gaban kowa?"

Ta ce, "Ban da mutum ɗaya." Na tambaye ta sauran abin da suka tattauna na rabin awa, ta ce, "Sauran ba naka ba ne. Yi zane."

Wannan karon na yi yadda ake yi. Leɓen sama leyarsa daban, na ƙasa daban, haƙora daban, har duhun cikin baki, kowanne da sunansa, kowanne cikakke har inda ba za a gani ba. Na adana, Rifkatu ta sabunta fayil ɗin a manhajar motsi, sababbin leyoyin suka shiga ƙarƙashin hannun suka ɓuya. Ta ɗauki yini tana daidaita daƙiƙa takwas. Da ta gama duk suka bar aikinsu suka tsaya a bayana. Ƙoshiya ta je ta dawo, Baba ya ɗago kai kamar wani ya shigo, hannun ya sauka a hankali ya kwanta a cinya, gefen hagu ya fara tashi.

Na gane shi. Ban san ta yaya ba, tun da na rantse ban tuna ba, amma ina ganin rabin haƙorin nan na san na taɓa ganinsa, wataƙila ina goye a bayan Inna. Na yi kuka a gaban mutane biyar, mai gemu ya miƙo mini hankici.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta, don hannuna na kan aljihun da wayata take, da fim ɗin da Rifkatu ta tura mini a cikinta, har Minjibir. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake da lalube. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na ƙure hasken wayar, na kunna, na sa ya riƙa maimaita kansa, na miƙa mata.

Ta kai wayar dab da idonta na dama, wanda ya fi gani. Hannun ya sauka. Sai na ga Inna ta yi sauri ta jawo mayafinta ta rufe ka, ta sunkuyar da ido, ta gyara zama, kamar yadda take yi in ya yi sallama daga masaƙa. Ta daɗe a haka kafin ta sake ɗagowa. Ta kalla na biyu, ta kalla na uku. Sannan ta tashi ta shige ɗaki da wayar, daga bakin ƙofa ta ce da labule, "A ce wa yaron nan ya je ya huta, ya sha hanya."

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Kullum da safe nakan karɓo ta in sa mata caji a shago, in mayar kafin azahar, in an yi jinkiri sai aike ya zo. Ko ta yi ƙara Inna ba ta ɗauka, jira take ta yi shiru ta ci gaba da kallonta. Likita bai faɗi watannin da suka rage wa idon ba, ni ma ban tambaya ba. Saboda haka mai nemana ya tako ya zo shago, benci yana nan. Wayar tana wurin mai ita.